Kawunan Sojojin Zainul Abideen

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya ƙagi fuskoki bai maimaita ko guda ba, ya kuma sanya wa kowace zuciya abin da take hutawa a kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama da alayensa da sahabbansa. Muna roƙon Allah ya tsare harsunanmu daga cutar da bayinsa.

Bayan haka, a unguwar Hor Al Anz ta birnin Dubai, cikin wani bene da ƙanshin girkin ƙasashe daban-daban ke cakuɗuwa a matattakalarsa, an yi wani bawan Allah mai suna Zainul Abideen, mutumin Kano, injiniya mai kula da na'urorin sanyaya manyan gine-gine. Ya doshi shekara arba'in, mai tsare salla ne, mai ƙarancin magana. Matarsa Najiba da 'ya'yansu mata biyu, Mahfuza da Muhsinat, suna gida Kano. Shi kuwa yana zaune a ɗaki guda cikin gidan haya na tarayya, tare da Ibrahim ƙanen Najiba, wanda ya sauka wurinsa don neman aiki, ya samu aikin, amma bai ga dalilin tashi ba.

Zainul Abideen yana da wani abu da yake so, wanda bai taɓa iya yi wa mutanen gida bayaninsa ba. Wasu ƙananan sojoji ne na roba, kowanne bai wuce tsawon gaɓar yatsa biyu ba. A warwatse ake sayar da su, hannu daban, kai daban, duk launin toka. Mai su zai yanko kowace gaɓa da ƙaramar filaya mai kaifi, ya manna da gam, sannan ya shafa musu fenti da buroshi mai bakin gashi kaɗan. Idan runduna ta cika, sai a jera ta a kan babban tebur a kara da rundunar wani, ana auna tafiyar soja da tef, ana jefa 'ya'yan ludo don a san wanda harbinsa ya samu. Manyan mutane ne ke yin wannan wasa, likitoci da matuƙa jirgi da akawu, a wani kanti da ke can cikin gari.

Ba a ce abin yana ba shi daɗi kullum ba. Iskar na'urar sanyaya ɗaki takan busar da fenti a bakin buroshi kafin ya kai kan soja, idan ya kashe ta kuma zufa ta hana yatsunsa riƙo. Kamfanin da ke yin wasan yakan sauya dokoki ba shawara, kuma duk sauyin da aka yi, rundunarsa ce take ƙara rauni. 'Ya'yan ludo ba su taɓa ƙaunarsa ba. Yakan shafe watanni yana ƙawata ayari guda, a share masa shi daga tebur tun kafin shayinsa ya huce.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne littattafan kamfanin, waɗanda ke ba da tarihin duniyar da ake yaƙin a cikinta. Irin sojojinsa ba su da wani matsayi a ciki, su ne waɗanda ake turawa gaba su mutu kafin jarumai su iso. Saboda haka ya ɗauki alƙalami ya shiga rubuta musu nasu labarin yana sakawa a wani shafi na intanet inda masu son wasan ke haɗuwa. Ya ƙaga musu shugaba, wani tsoho mai ido ɗaya da ke riƙe da fitila, ya raɗa masa suna Mai Fitila, mutumin da ba ya ja da baya kuma ba ya ɓoye gaskiya a gaban kowa. Masu karantawa ba su da yawa. Akwai wani da ba ya fashi, duk babin da ya fito sai ya rubuta a ƙasa cewa fitila irin wannan ba ta ci a waccan duniyar, kuma a gyara Turanci. Da Zainul Abideen ya gaji ya koma rubutawa da Hausa, sai masu karatun suka ragu zuwa mutum biyu.

Na farko shi ne Wakili, Kirista mutumin Ɓilliri, mai gyaran lif, na'urar hawa bene, wanda suka haɗu a kantin wasan ranar da ya ji Zainul Abideen ya ce wa 'ya'yan ludo "Haba dai!" Tun daga nan suka zama abokan tebur. Idan lokacin salla ya yi, Wakili ne ke tsare tebur kada wani ya taɓa. Yakan karanta kowane babi ya bugo waya yana cewa, "Injiniya, in ka kashe tsohon nan, ni da kai ne."

Na biyu shi ne Ibrahim, kuma ba don so yake karantawa ba. Tsakanin mutum da ƙanen matarsa akwai wasa, kowa ya san wannan, kuma Ibrahim ya mai da wasan nan rigar da yake sa wa kowace irin cuta. Yakan karanta labarin da muryar ban dariya a gaban maƙwabta a ɗakin girki. Yakan ce, "Yaya, yau an ba 'yan tsana nono kuwa?" Yana kuma da ido a kan kantar da sojojin ke jere, domin nan yake so ya kafa talabijin. Zainul Abideen yakan yi murmushi ya haɗiye, saboda wanda ya yi fushi da abokin wasa shi ake wa dariya.

Ana nan sai abin da bai taɓa tsammani ba ya faru. Masu wasan suka kama gidan gona a garin Hatta, can cikin duwatsu, don su yi babban yaƙi na ƙarshen mako. Mai shirya taron ya ci karo da ɗaya daga tsofaffin labaransa na Turanci, wanda a cikinsa Mai Fitila ya tsare wata mashiga tsakanin duwatsu, ya ce a kan wannan labari za a gina yaƙin, kuma rundunar Zainul Abideen ce za ta tsaya a tsakiyar tebur. Shekaru yana shafa fenti yana rubutu ba wanda ya waiwaye shi, ga shi yanzu mutane za su taru su buga abin da ya fito daga kansa. Wakili ya ce zai zo ya ɗauke shi da mota ranar Asabar da safe.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya kwaso rundunar duka daga kanta ya jera a kan tebur, sun haura ɗari, don ya duba su kafin ya shirya su cikin akwatinsu mai soso. Yana sunkuye da gilashin ƙara girma a ido yana gyara ƙwayar idon wani soja da bakin tsinken sakace, numfashinsa a riƙe, sai ya ji sallama a bakin ƙofa da muryar da ta sa tsinken ya faɗi daga hannunsa.

Alhaji Shu'aibu ne, mahaifin Najiba. Ɗan kasuwa ne mai ilimin addini, yakan zo Dubai sarin kaya a kasuwar Al Sabkha, kuma a masaukinsa na can Zainul Abideen ya saba zuwa gaishe shi. Bai taɓa taka ɗakin nan ba. Ibrahim ne ya biyo da shi daga masallaci ba tare da ya faɗa wa kowa ba, yana tsaye a bayan mahaifinsa fuskarsa cike da fara'a.

Zainul Abideen ya zube ƙasa ya gaida surukinsa, idonsa a kan dardumar ɗaki. Ya ja masa kujera guda da ke akwai, ya kawo ruwa da dabino, ya koma gefe ya durƙusa. Aka tambayi aiki, aka tambayi zafi. Alhaji ya ce gobe da safe jirginsa zai tashi, kaya sun riga sun shiga kwantena. Yana magana idonsa na kan tebur. Can ya miƙa hannu ya ɗauki soja guda, ya kai shi kusa da fuska, ya juya shi.

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Har da gira. Malam Zainu, waɗannan na wane ne?"

Tambaya ce mai sauƙi, amsarta kalma ɗaya. Amma Zainul Abideen ya hango kansa kamar yadda dattijon zai gan shi: magidanci mai furfura a gemu, wanda aka ba 'ya, ya bar ta a Kano, ya zo ƙasar mutane yana wasa da 'yan tsana. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunne. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Na yara ne, Baba."

"Madalla," in ji Alhaji. "Uba ke nan."

Ibrahim ya tafa hannu sau ɗaya. "Wallahi Baba ba ka ga wahalar da ya sha a kansu ba. Kullum Mahfuza, kullum Muhsinat. Abin da ke damunsa kawai wanda zai kai musu. Yaya, ai ga Baba zai tafi gobe. Khalas, shi ke nan, an huta."

Zainul Abideen ya ɗago ya dube shi, ya sake sunkuyawa. "Kada a ɗora wa Baba nauyi. Ba a gama su ba ma tukuna."

"Wane nauyi?" in ji Alhaji. "Abin da bai kai nauyin carbi ba? Jikokina ne fa."

Kafin a sake cewa komai Ibrahim ya riga ya kira yayarsa ta waya mai hoto, ya juya wayar kan tebur. Muryoyin yaran suka cika ɗakin. "Ku ga abin da Abbanku ya saya muku! Kaka zai zo muku da su gobe!" Yaran suka ɗau ihu suna tsalle, Najiba tana cewa daga bayansu a yi wa Abba godiya. Ita ta san ko mene ne sojojin a wurin mijinta, muryarta ta nuna mamaki, amma mahaifinta na zaune, ba ta tambaya ba. Ibrahim ya kashe wayar.

Hankalin Zainul Abideen ya shiga neman mafita. Tafiyar Hatta ta kuɓuce, wannan ya gani. Sai dai zai iya kiran Najiba ta karɓe akwatin ta ɓoye, ya saya wa yaran wani abin, wani matafiyi ya dawo masa da rundunarsa. Yana cikin wannan tunani ya lura Alhaji bai ajiye sojan da ke hannunsa ba.

"Abu ɗaya ne," in ji dattijon a hankali. "Waɗannan surori ne cikakku. Ga ido, ga hanci, ga baki. Wanda ya yi su ya wuce wuri. Ni jakata akwai littattafaina a ciki, ba zan haɗa su da mai fuska ba, kuma ba zan shigar da shi gidan 'yata ba. A cire kawunan. In babu kai, ba sura ba ce, yara su yi wasansu."

Malamai sun yi magana mai faɗi a kan wannan mas'ala, kuma da yawansu sun yi sauƙi a kan abin wasan yara. Alhaji ya ɗauki ɓangaren tsantseni, ba da nufin cutar da kowa ba, domin a saninsa kayan kanti ne da aka sayo jiya. Zainul Abideen ya san maganganun malaman, ya karanta su tun ranar da ya sayi sojansa na farko, don bai yarda ya ajiye abin da zai raba shi da Ubangijinsa ba. Amma suruki ba ya ja da mahaifin matarsa a kan fatawa, balle wanda bai jima da yin ƙarya ba. In ya ce nasa ne, ya zama maƙaryaci mai wasan yara. In ya yi shiru, ga abin da shiru zai jawo.

"Iro, samo wuƙa," in ji Alhaji.

"Ai Yaya na da abin yankansu na musamman, Baba. Shi ya san inda wuyan yake." Ibrahim ya ɗauko ƙaramar filayar daga cikin kayan fenti ya miƙa da hannu biyu, kamar mai ladabi. "Yalla, maza, Yaya. Kada la'asar ta same mu."

Zainul Abideen ya karɓa. Ya jawo ɗan farantin shayi ya ajiye a gabansa. Ya ɗauki soja na farko, wani mai ɗauke da tuta wanda ya yi wa tabo a kumatu, ya sa bakin filayar a wuyansa ya matsa. Ƙarar ba ta fi ta yanke farce ba. Kan ya faɗa cikin farantin ya yi birgima ya tsaya yana kallon sama.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya san kowannensu. Ga wanda ya shafa a makon da aka haifi Muhsinat bai samu hutun zuwa suna ba. Ga waɗanda ya yi a watannin da aka rufe gari saboda annoba, lokacin da ba ya jin muryar kowa sai ta na'urar sanyaya ɗaki. Yana yanka a tsanake, daidai kan layin gam, don in Allah ya dawo masa da jikunan ya iya mayar da kowane kai mazauninsa. Alhaji ya ci gaba da jan carbi yana ba da labarin tsadar dakon kaya. Ibrahim ya zauna a bakin gado yana cin dabinon da aka kawo wa mahaifinsa, yana cewa, "Shwaiya shwaiya, a hankali, Yaya, kada ka ji musu ciwo."

Da aka kusa gamawa, Zainul Abideen ya faki idon surukinsa ya zura Mai Fitila cikin aljihun rigarsa. Wannan kaɗai bai zo daga kanti yadda yake ba. Fuskarsa shi ya sassaƙa ta da kansa da wani irin yumɓu, ya yi ta ɓatawa yana sakewa har ta fito da tsufanta da idonta guda.

Ibrahim ya bari sai da farantin ya cika, sannan ya leƙa tebur ya yi kamar yana nema. "Af, ina shugabansu? Baba, akwai wani tsoho mai fitila, ya fi su duka kyau. Har labarinsa Yaya ya rubuta, don yara." Ya zaro waya ya gyara murya. "Saurara ka ji, Baba. 'Mai Fitila ya ce: ni ban iya ɓuya ba, ban kuma iya ƙarya ba. Wanda yake nemana ya duba inda haske yake.' Kai, Yaya! To ina hasken ya shiga?"

Alhaji ya yi dariya irin ta dattawa, ba da mugunta ba. "Ashe Malam Zainu har tatsuniya yake yi. Ina tsohon yake, mu gan shi?"

Hannun Zainul Abideen ya shiga aljihu ya fito. Alhaji ya karɓa ya duba da kyau, ya girgiza kai. "Wannan ai ya fi sauran zama mutum. Kamar zai yi magana. Da shi ya kamata a fara." Ya mayar masa.

Wuyan Mai Fitila bai yanku da sauƙi ba, domin akwai siririyar waya a ciki da ke riƙe da kan. Sai da ya matsa da ƙarfi har filayar ta goce ta kankare rabin fuskar, sannan kan ya rabu. Ya ajiye shi a kan sauran.

Ibrahim ya jera marasa kawunan sahu-sahu a kan tebur don mahaifinsa ya gani. Alhaji ya tashi tsaye ya dube su, ya daɗe yana dubawa. Hannuwa a ɗage da bindigogi da takubba, kafaɗu a buɗe, sama da kafaɗun babu komai. Fuskarsa ta sauya.

"A'uzu billahi," in ji shi. "Wannan ai abin tsoro ne. Muhsinat ta ga wannan ba za ta yi barci ba. Ga kuma tsinin nan, yaro ya haɗiye mu shiga uku. A'a, Malam Zainu, bar su kawai. Zan saya musu cakulan a filin jirgi. Wani karon ka riƙa sayen abin da zai amfane su."

"To, Baba. Na gode, Baba."

Da gaske ya yi godiyar. Zuciyarsa ta buga da wani irin farin ciki mai zafi, domin ga jikuna a kan tebur, ga kawuna a faranti, ga gam a cikin kwali, kuma akwai sauran yini da dare kafin Wakili ya zo. Za a ga tabo a wuyansu, amma za su tsaya a mashigar duwatsu. Ya ɗauki jakar hannun surukinsa, ya bi shi a baya har ƙasa, ya tare masa tasi, ya durƙusa a bakin titi cikin zafin rana ya yi masa addu'ar sauka lafiya. Alhaji ya dafa kansa ya sa masa albarka. Da motar ta sha kwana, bai jira lif ba, da gudu ya hau matattakala.

Ya tarar da farantin a kife kan tire, an wanke shi tas, ruwa na ɗiga. Ibrahim na kwance a gado yana latsa waya.

"Ina suke?"

"Su wa?"

"Ibrahim, ina kawunan?"

"Oh, waɗannan. Ai kai ma ka ji, fuskokin ne matsalar. Na ce kada mu kwana da su a ɗaki. Na zuba a masai na kora ruwa." Ya ɗago ya dube shi, idonsa na ƙyalli. "Sau biyu na kora, habibi, wani ya ƙi tafiya. Ina jin tsohon ne."

Zainul Abideen ya shiga banɗaki ya tsaya a kan masan. Ruwan ya kwanta fari tas. Ya daɗe a tsaye, har aka kira la'asar. Ya yi alwala ya fita masallaci, ya dawo. Ibrahim ya ce, "Haba Yaya, wasa ne fa. Kada ka ce fushi ka yi da ƙanenka a kan roba."

Da safe Wakili ya iso. Ya hawo da kansa don ya taya shi ɗaukar kaya, yana sanye da hular rana, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Da aka buɗe masa ƙofa ya hango tebur, waƙar ta tsaya.

"Injiniya, me ya faru? Wa ya yi wannan?"

Zainul Abideen ya kauce daga bakin ƙofa. Wakili ya matsa ya ɗauki jikin Mai Fitila da yatsa biyu, fitilar na nan a hannunsa, ya mayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"To ji nan," in ji shi. "Ina da ragowar kawuna a gida, cike da gwangwani. Mu biya mu ɗauka, ni in tuƙa, kai ka riƙa mannawa a hanya. Ba fenti, amma wa ya damu? Ko ka ɗauki rundunata, ni in zauna in yi kallo. Labarinka ne fa za a buga, mutumina. Mutane na jiranka."

Da Wakili ya yi dariya ko ya yi tsaki, da Zainul Abideen ya iya ɗauka. Tausayin ne ya gagare shi. Tun jiya akwai magana a maƙogwaronsa wadda ya kasa faɗa wa surukinsa saboda kunya, ya kasa faɗa wa Ibrahim saboda wasa, ga shi yanzu a gabansa an samu mutum guda da babu abin da ya kare shi. Ya dube shi ido cikin ido, abin da bai yi wa kowa ba tun jiya.

"Ni na yanke su," in ji shi. "Ni Musulmi ne, Wakili. Mu ba ma ajiye gumaka a ɗaki. Ku da kuka saba da su, sai ka je ka yi ta yi."

Wakili ya tsaya kamar an watsa masa ruwa. Ya cire hular ranar ya riƙe a hannu, ya dubi tebur, ya dubi mutumin da ya sha tsare wa tebur ya je ya yi salla.

"To, Injiniya," in ji shi. "Allah ya ba da haƙuri."

Ya juya ya sauka. Ba a ji ƙarar lif ba, da ƙafa ya bi matattakala, a hankali.

Ibrahim ya yaye bargo daga kansa, ashe idonsa biyu. "Kai, Yaya! Ashe kana da baki. Wallahi yau ka burge ni." Ya yi miƙa ya nuna kantar sojojin da haɓa. "Wurin nan fa, tunda ya zama fili, yau zan kira mai kafa talabijin."

Zainul Abideen ya tattara jikunan da tafin hannu ya zuba cikin akwatin, ba tare da ya sa kowanne a gurbinsa ba, ya tura ƙarƙashin gado. An yi yaƙin Hatta da rundunar wani a tsakiyar tebur. Shi bai sake zuwa kantin ba, bai sake rubuta babi ba, kuma Wakili bai sake bugo waya ba. Sukan hangi juna wani lokaci a tashar jirgin ƙasa, kowa ya dubi wani wuri.

Alhaji Shu'aibu ya koma ga Mahaliccinsa ba da daɗewa ba, bai taɓa sanin abin da aka yi a gabansa ranar nan ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi tsantseninsa, ya haɗa da iyayenmu da malamanmu da duk waɗanda suka riga mu. Wanda ya karanta wannan kuma, Allah ya tsare shi daga zaluntar wanda bai zalunce shi ba, ya sa ya cika da imani. Amin.